Sikeli ba ya jin kirari

Ƙannena masu damben boksin, akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana, gara mu yi maganarta tun ba ta ci wani ba. Yaro ya ci wasa huɗu ko biyar, sai ka ji yana cewa ajin nauyinsa ya yi masa kaɗan, shi manya yake so. Wai ai Usyk, ɗan damben Ukraine, ma haurawa ya yi, ya doke manyan ajin masu nauyi, Joshua da Fury.

To ku duba yadda Usyk ɗin ya haura. Sai da ya haɗa kambuna huɗu na ajin kilo 90 a 2018, har Mosko ya bi Gassiev ya doke shi. Da ya shiga ajin masu nauyi bai ce a kawo masa mai kambu ba. Da Witherspoon ya fara a 2019, sannan Chisora a 2020, wanda ya matsa masa har turmi 12, ya ɗanɗana masa nauyin hannun manya. Sai a Satumban 2021 ya tsaya gaban Joshua a Landan. Shekara uku yana gina jiki, ku kuna so ku yi a wata uku.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne Roy Jones. A Maris ɗin 2003 ya taso daga ajin kilo 79 ya karɓe kambun WBA na masu nauyi a hannun John Ruiz. Wajen zaɓen abokin karawa ya yi wayo, don bai doshi Lennox Lewis, gwarzon masu nauyi na lokacin, ba, ya nemi wanda saurinsa zai iya rikitawa. Komowar ce ta cuce shi. Naman da ya ƙara tsoka ce, ba kitse ba, kuma tsoka ba riga ba ce da za ka tuɓe ka rataye. Cikin shekarar ya sake matse kansa zuwa kilo 79, da ƙyar ya sha a hannun Antonio Tarver. Da suka sake haɗuwa a Mayun 2004, naushi ɗaya Tarver ya yi masa a turmi na 2, wasa ya tashi. Bayan wata huɗu Glen Johnson ya shimfiɗe shi a turmi na 9, ya daɗe kwance bai motsa ba. Mutumin da a da ko taɓa shi ba a iya yi!

Ko namu Dick Tiger ɗan Najeriya, da ya haura ajin kilo 79 ya ci José Torres a 1966, dogon nan Bob Foster ya kwantar da shi a 1968. Shi kuma Foster ya ɗauka zai iya da masu nauyi, Joe Frazier ya gama da shi a turmi na 2 a 1970. Gaba da gabanta.

Ban ce kada ku haura ba. Idan jiki ya girma da kansa, kuna wahalar kai awo, ku zauna da kocinku. Ku yi watanni kuna atisaye da 'yan ajin sama, ku ji ko haƙarƙarinku zai ɗauka. Kuma kada kuɗin wasa ko zugar abokai su zaɓa muku wanda za ku fara da shi.

Masu sauka ma ban bar ku ba. Na taɓa ganin wani yaro a wurin atisayenmu, ana gobe awo, ya naɗe cikinsa da leda, ya ɗora rigar sanyi, yana gudu da tsakar rana, yana tofa yawu a gorar roba don ya zubar da kilo biyu. Leɓensa duk ya tsage. Na ce, “Kai ƙanena, wa ya sa ka wannan?” Ya ce, “Yaya, an ce yaran ajin ƙasa ba su da hannu.” Sikeli ya ba shi abin da yake so. Da aka shiga wasa, tun turmi na 2 ƙafafunsa suka fara rawa, yaron da ya raina ya yi ta tura shi jikin igiya, har kocin yaron namu ya jefa tawul, alamar sallamawa.