A ƙofar imajansi, wa ya kamata a fara dubawa?

A daminar bara, bayan sallar isha'i, muka kwashi kawuna a cikin a-daidaita-sahu zuwa wani babban asibitin gwamnati. Yana cikin cin tuwo loma ta suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta sarƙe. Mun isa ƙofar imajansi ƙarfe tara saura kwata. Na riƙe lokacin ne domin a daidai nan na ciro waya na kira babban ɗansa.

Wanda ya fara tarar mu maigadi ne. Ya leƙa cikin keken, ya ce, "Allah ya sawwaƙe, ku je ku yanko kati." Mai yankar kati ya ɗan fita. Da ya dawo sai ya tura mu wata taga mu biya, mu kawo masa rasit. Kawu na kwance a benci, kansa a cinyar Inna. Na tari wata nas da ta zo giftawa da ledar ƙarin ruwa a hannu, na ce, "Sista, don Allah ki taimaka ki duba mana tsohon nan." Ba ta ko tsaya ba, ta ce, "Malam, ka ga duk mutanen nan? Ni suke jira. Ka yi haƙuri." Kuma ba ƙarya ta yi ba. Su biyu ne da likita ɗaya, ga mutane har ƙasa a kan tabarmi.

Muna nan zaune wani mutum ya shigo da hannu naɗe da tsumma, gilashi ya yanke shi. Wanda ya rako shi ya gaisa da wani ma'aikaci da suna, suka tafa, aka shige da shi ciki. Sai ƙarfe goma da minti ashirin layi ya zo kan Kawu. Nas ɗin nan ta ɗaga hannunsa na hagu ta saki, ya faɗo yaraf. Nan take fuskarta ta sauya. Ta fizge kofin ruwan da Inna ke ƙoƙarin ɗura masa, ta ce, "Mama, kada ki ƙara ba shi komai ta baki! Tun yaushe Baba yake haka? Me ya sa ba ku yi magana ba?"

Wannan tambaya tata ita ta hana ni sakat har yau. Mun yi magana, amma a wurin da kowa ke magana, kowa kuma na rantsuwa nasa ne ya fi tsanani. Babu wanda aka ɗora wa aikin ya tsaya a ƙofa, ya kalli duk wanda aka shigo da shi na minti biyu, ya ce wannan ba zai iya jira ba, wancan zai iya. Maigadi ne da mai kati da sanayya suka tsara layin, su ukun kuwa babu wanda ya san alamar shanyewar ɓarin jiki.

Idan aka tashi kuka da imajansi a Najeriya, tsawon jira ake fara ambata. Ni dai jira bai dame ni kamar yadda tsarin layin ya dame ni ba. Ko a Ingila ana jira. Tun 2004 suka kafa ƙa'idar cewa cikin awa 4 a duba mutum, a sallame shi ko a ba shi gado, kuma burinsu shi ne a cika wa kashi 95 cikin 100 na masu zuwa wannan alkawari. Rabonsu da cim ma burin tun 2015. Amma mai yankan gilashi a can shi zai kwana a kujera, mai karkataccen baki kuma a wuce da shi, domin akwai nas a bakin ƙofa da ba ta da wani aiki sai tantance wanda za a fara dubawa.

Dabarar tsohuwa ce, kuma a fagen daga aka haife ta. Dominique Larrey, babban likitan tiyata na rundunar Napoleon, sarkin Faransa, shi ya dage cewa a fara da sojan da rauninsa ya fi muni, ko da kurtu ne, hafsa kuma ya jira. Na kawo wannan ne saboda amsar da ake yawan ba ni idan na tayar da zancen: "Ai ba mu da ma'aikata." Gaskiya ne ba mu da su. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, da bakinsa ya ce a 2024 kimanin likitoci 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar. To amma inda hannu ya yi kaɗan, ai nan ne ake tsananin buƙatar sanin wa za a fara miƙa wa hannun. Asibitin da ke da likita goma a dare ɗaya ko bai tantance ba zai rufa asiri. Mai likita ɗaya idan bai tantance ba, zai ƙarar da daren yana ɗinkin yatsa, mai naƙuda tana zubar da jini a baranda.

Kuma ba sai mun je Turai neman misali ba. A Afirka ta Kudu akwai tsarin launi da ko ƙaramar nas tana iya aiki da shi. A gwada numfashi, bugun zuciya, hawan jini da zafin jiki, a duba ko mutum na cikin hayyacinsa, ko yana iya tafiya da ƙafarsa. Ja, a duba shi yanzu-yanzu. Ruwan lemo, cikin minti 10. Rawaya, cikin awa 1. Kore, cikin awa 4. A Malawi, ƙasar da ba ta kama ƙafar Najeriya a arziki ba, babban asibitin Blantyre ya sake fasalin yadda ake karɓar yara a ƙofa, aka koya wa ma'aikata gane yaron da ke kan gargara tun yana cikin layi, mutuwar yaran da ake kwantarwa ta ragu sosai. Daga irin wannan aiki Hukumar Lafiya ta Duniya ta samar da horon tantance yara da ake koyarwa a ƙasashe da dama. Kayan aikin duka nawa suke? Na'urar awon jini, ma'aunin zafi, ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa ya nuna iskar oksijin, na'urar gwajin suga, agogo, da katuna masu launi. Fentin da ake yi wa katangar asibiti idan gwamna zai zo ya fi su tsada.

Gwajin sugan nan ma kaɗai abin a tsaya a kai ne. Mutumin da sugansa ya faɗi ƙasa yana iya zuwa da kamannin mai shanyewar jiki sak, ko a ɗauka aljanu ne suka buge shi. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa, cikin minti guda, ya raba gardama, allurar ruwan suga kuma ta tashe shi zaune. Idan ya yi awa biyu a benci yana jiran rasit, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa. Haka yaro mai jijjiga saboda zazzaɓin cizon sauro, haka mai jegon da jini ya ɓalle mata, wadda awa biyu ta isa ta rasa ranta.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ainihin ƙashin bayan "ku je ku yanko kati". Mutane da yawa ba su san cewa doka ta riga ta yanke hukunci a kan wannan ba. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum kulawar gaggawa, ko da wane dalili ne. Wanda ya saɓa, tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko a haɗa masa duka. A 2017 aka ƙara wata dokar da ta wajabta karɓar wanda aka harba da bindiga ba tare da an jira takardar 'yan sanda ko kuɗin ajiya ba. A takarda, mun gama da wannan matsala tun da daɗewa.

A cikin ɗakin kuwa, ga abin da ke faruwa. Likita ya rubuta ruwa, allura, sirinji, safar hannu, auduga, ya miƙa wa mai jinya ya ce a je a sayo. Idan kemis ɗin asibiti babu, sai an tsallaka titi da tsakar dare. Ba mugunta ce ta sa shi haka ba. Kabad ɗin ne wayam, ko kuma abin da ke ciki a ƙirge yake, duk wanda ya ɗauka ba rasit shi zai yi bayani da safe. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin neman lafiya daga aljihun mara lafiya yake fitowa, asibiti ya saba da cewa kuɗi ne gaba, magani a baya. Dokar 2014 ta hango wannan, shi ya sa ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun kula da lafiya a matakin farko domin jinyar gaggawa. Sai a 2022 aka ƙaddamar da shirin NEMSAS, wanda aka tsara zai biya kuɗin motar asibiti da jinyar awa 48 na farko. Shiri ne mai kyau. Amma ma'auninsa ɗaya ne: shin nas da ke aikin dare ta tabbata cewa idan ta buɗe kabad ta ceci wanda ba shi da ko sisi, za a mayar mata da abin da ta ɗauka? Ranar da ta tabbata, ba sai an tsorata ta da ɗauri ba. Tarar ma, a tsadar yau, ba wani abin a zo a gani ba ce.

"Ba gado" kuma wani babi ne. Wanda aka gaya wa haka a ƙofa yakan zaci gadajen imajansi ne suka yi kaɗan. Sau da yawa cushewar daga ciki take: ɗakunan kwanciya sun cika, wanda ya kamata ya hau sama tun jiya yana nan yana jiran sakamakon gwaji, wanda aka sallama bai tafi ba domin bai biya ba. A Kano, Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano da na Nasarawa ba mutanen birni kaɗai suke ɗauka ba. Ana zuwa daga Jigawa da Katsina, har daga Damagaram da Maraɗi. Ƙananan asibitocin unguwa kuwa yawancinsu la'asar na yi an ja ƙofa, don haka mai ciwon kai da mai gudawa duk imajansi suke nufa da dare. Idan kuma aka ce a tafi wani asibitin, ba a buga waya a tambaya ko can akwai gado. Iyali ne za su yi ta zaga gari da mara lafiya a bayan mota, suna gwada sa'a.

Mu ma masu jinya muna da namu kashin. Sai mun gama da mai kemis na bakin layi, da rubutu, da jiƙe-jiƙe, ciwo ya ci ƙarfinmu, sannan mu kwaso mutum mu ce a yi mana abin al'ajabi. Mara lafiya ɗaya, 'yan rakiya goma, sun cika hanyar da za a gungura gado. Wasu har hannu suke ɗaga wa nas. Sanayyar da nake kuka da ita ma, ba zan wanke kaina ba: a daren nan sai da na bi lambobin wayata kaf ina neman wani abokin karatuna likita, wayarsa ce kawai a kashe. Da ya ɗauka, da ni ma na tsallake uwar da ke bayanmu riƙe da yaro yana numfashi sama-sama, kuma da na kira abin rufin asiri. Inda babu ƙa'idar da kowa ke gani da idonsa, kowa zai nemi tasa hanyar, mai babbar riga da mai babbar murya su ne za su riƙa cin riba.

Shi ya sa katin launi yake da wani amfani bayan ceton rai. Wanda aka ba kore, aka ce masa, "Alhaji, naka ba mai haɗari ba ne, za ka iya kai awa uku, ga waɗanda ke gabanka," zai zauna ko ya tafi ya dawo da safe. Abin da ke harzuƙa mutane a imajansi shi ne a wuce su kamar ba a gan su ba, ba su san ko an manta da su ba ne, ba su san ko nasu na mutuwa ba ne. Bahaushe na da haƙurin jira idan an yi masa bayani. Wanda ya saba kwana a layin mai da layin taki ba awa biyu ce za ta gagare shi ba.

Abin da nake nema daga kwamishinonin lafiya da hukumomin kula da asibitoci bai taka kara ya karya ba. A ajiye nas mai horo a ƙofa dare da rana, kafin tagar kati. A tanadi akwatin kayan ceton rai da ake buɗewa ba rasit, gwamnati ta riƙa cike shi. A rubuta lokacin da mutum ya sako ƙafa da lokacin da hannun ma'aikaci ya fara taɓa shi, a liƙa alƙaluman kowane wata a bango inda jama'a da 'yan jarida za su gani. Gwamna ya riƙa tambayar shugaban asibiti mintuna nawa wanda aka ba kati ja yake jira, kamar yadda yake tambayar ɗan kwangila ina aka kwana a gini.

Kawu ya rayu. Yana jan ƙafar hagu, yana zuwa masallaci da sanda. Da muka koma ganin likita bayan mako shida, fayil ɗinsa na buɗe a kan tebur, na kai ido shafin farko. An rubuta sunansa, shekarunsa, unguwarsa, har da addininsa da ƙabilarsa. A gurbin lokacin isowa an rubuta 10:20. Awa ɗaya da minti talatin da biyar ɗin da ya yi a benci ba ta cikin fayil ɗin.