Bashin da miji ya ci da sunan matarsa: a Ingila, ko ki kai shi ga 'yan sanda ko ki biya

Wata 'yar uwa da muke zaune gari ɗaya a nan Ingila, ma'aikaciyar kula da tsofaffi, ta nemi bashin mota don zuwa aikin dare, aka hana ta. Ita da ba ta taɓa cin bashin kowa ba. Da muka duba kundin bashinta sai ga kwantiragin waya guda biyu, da katin bashi, da kayan da aka ɗauka a biya kaɗan-kaɗan, duk da sunanta, duk an daina biya. Maigidanta ne. Ya san ranar haihuwarta, katin bankinta na hannunsa, lambar sirrin da kamfani ke turowa kuma wayarta take shiga tana barcin gajiya. Wasiƙun gargaɗi ta ramin ƙofa ake jefo su da safe, shi yake kwashewa.

Sai na ɗan yi wa na gida bayanin kundin nan, don wanda bai zauna a nan ba ba zai gane nauyinsa ba. Kamfanoni uku ne manya, Experian da Equifax da TransUnion, ke tattara tarihin kowane baligi: inda ya zauna, asusun da ya buɗe, watan da ya biya, watan da ya makara. Idan aka buga maka tambarin rashin biya, shekara 6 yake yi a kundin ko da ka biya daga baya. Idan ta kai ga hukuncin kotu, shi ma shekara 6 ne, sai dai in ka biya duka cikin wata ɗaya. Banki na dubawa, kamfanin waya na dubawa, mai ba da hayar gida ma yana ganin hukuncin kotu. Babu wanda zai ga fuskarki ko ya tambayi 'yar wace ce ke. Kwamfuta ce za ta ce a'a, yarinyar da ke kan tebur ta yi miki murmushi ta ba ki haƙuri.

A dokarsu, aure shi kaɗai ba ya ɗora wa mace bashin miji. Amma idan kun buɗe asusu tare ko kun sa hannu tare a kan rance, ana iya bin kowannenku kuɗin duka, kuma kundinku ya haɗu. Wanda aka buɗe da sunanki ba da saninki ba kuwa zamba ce, kuma dokar zamba ta 2006 ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 10. Dokar cin zarafi a cikin gida ta 2021 ma ta ambaci danne mutum ta hanyar kuɗi a fili. Za ki rubuta wa kamfani cewa ba ke kika sa hannu ba, suna da mako 8 su amsa, in ba ki gamsu ba ki wuce Financial Ombudsman Service, hukumar da ke sauraron ƙorafi kan kamfanonin kuɗi, kyauta. Akwai kuma Cifas, ƙungiyar yaƙi da zamba, inda za ki yi rajista ta shekara 2 don a riƙa ƙarin bincike kafin a buɗe komai da sunanki. Tsari ne mai kyau, ban musa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, da zarar kin ce zamba ce kuma kin san wanda ya yi, yawanci sai a nemi lambar rahoton da kika kai wa hukuma. Wato ki kai ƙarar uban 'ya'yanki. 'Yar uwar nan ita ce ta zo da bizar aiki, shi a ƙarƙashinta yake zaune, hukuncin kotu kuma na iya shafar takardar zamansa. A hanyarmu ta dawowa daga ofishin ba da shawara ta ce min, "Yaya, in na kai shi me zan gaya wa yaran nan? In ban kai shi ba kuma aikin daren da zan yi duk na biyan wayar da ban taɓa gani ba ne."

Abin da ya fi ƙona min rai ma ba wannan ba ne. Baturiyar da ta saurare mu, cikin ladabi, ta ce ta fahimci a al'adarmu miji ne ke riƙe da dukiyar mace. Wace al'ada? Ƙasar da sai a 1870 matar aure ta fara mallakar albashinta, sai a 1882 ta samu cikakken iko da dukiyarta, har zuwa 1975 banki na iya hana mace rance in ba namiji ya tsaya mata ba, ita ce za ta koya mana wannan? Kowa a gida ya san dukiyar mace tata ce a Musulunci, ciyarwa da tufatarwa da muhalli kuma a wuyan miji suke. Abin da mutumin nan ya yi cin amana ne, a can ma da wannan sunan za a kira shi.

Na san gida ba aljanna ba ce. Akwai matan da aka ci rancen manhajar waya da lambar BVN ɗinsu, akwai waɗanda aka rufe wa baki da "ki yi haƙuri" har suka biya. To amma a gida akwai wani abu tsakanin shiru da ofishin 'yan sanda. Waliyyinta zai kira shi, a zaunar da shi gaban wanda yake jin kunya, ya amsa da bakinsa cewa bashin nasa ne, a sa masa lokaci. In ya ƙi, alƙali na nan, kuma zuwa gabansa ba ya nufin auren ya mutu. Mai bin bashin ma mutum ne, ana iya samunsa a ce masa ga wanda ya ci kuɗinka, rabu da matar. A nan ko mijin ya yi kuka ya rantse zai biya, tambarin na kan sunanta har sai an tabbatar da zamba ko shekara 6 ɗin ta cika.

Na daɗe ina tunanin wa zai iya kiran mutumin nan ya zo, ban samu ko mutum ɗaya ba. Limaminmu ba ɗan ƙasarmu ba ne, bai san dangin kowa ba. Mazan da suka girme shi suna kan aiki, wannan na dare wancan na rana, kuma kowa cewa yake ba ya shiga maganar gidan wani. A rukunin WhatsApp muna da yawa, amma a cikinmu babu wanda ya san uban wani. Mun kwaso takardun makaranta da yara mun zo, mun bar mutanen da ake jin maganarsu a baya. Iyaye kuma in an kira su a waya, nasihar da suka saba yi suke yi, ba su san akwai wani kundi da zai hana 'yarsu hayar gida ba, surukin ma in ya ga lambar gida sai ya ƙi ɗagawa.