Tarin da ya ƙi jin magani

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Nasihar yau ta masu gida ce, da duk wanda yake kwana ɗaki ɗaya da mai tari.

Da yawa daga cikin waɗanda aka gano suna da kansar huhu, kafin a kai ga faɗa musu sunan ciwon sun riga sun sha doguwar wahala. Tari ne yake farawa. A ce ƙurar hunturu ce. A je kemis a Sabon Gari ko Tudun Wada a haɗo ƙwayoyi da maganin tari na kwalba, ya ɗan lafa, ya dawo. Sai murya ta dushe, wando ya fara yi wa mutum yawa a ƙugu, tafiya daga zaure zuwa masallaci ta koma sai an tsaya an yi haki. Wata rana da asuba ya tofar da kaki a bakin kwata ya ga jini, ya yi sauri ya kora da ruwan buta don kada iyali su gani. Daga nan sai masu cewa sammu ne ko jifa su karɓe zancen.

Akwai kuma tarkon da ba a cika magana a kai ba. Alamomin wannan ciwo suna kama da na tarin fuka sosai, har akan ɗora mutum a kan maganin tibi, wato tarin fukan, na wata 6. Idan an sha wata biyu ba sauƙi, ko gwajin kaki bai nuna tibi ba amma tarin yana nan, a koma wurin likita a tambaya: "Likita, ko akwai wani abin da ya kamata a sake dubawa?" Wannan ba rashin kunya ba ne. Hoton ƙirji, hoton CT (na'urar da ke nuna cikin jiki daki-daki), da ciro ɗan nama a auna, su ne suke rarrabewa. Mu a Zariya Allah Ya yi mana gata: ga cibiyar tarin fuka a Saye, ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika da sashensa na masu kansa, wanda mutane suke tasowa daga wasu jihohi dominsa.

'Yan uwa, zama da ciwo a ɓoye ba shi ne haƙuri ba. Manzon Allah (SAW) ya umarci bayin Allah su nemi magani, kuma ya ce wa mai raƙuma ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. A yi ruƙiyya, a yi addu'a, a kuma yanki kati. Tarin da ya wuce mako biyu, na asibiti ne.

Kuma mu ji tsoron Allah da bakinmu. Gaskiya ne taba sigari ce kan gaba wajen jawo kansar huhu, shisha ma ba ta da wata kariya. Amma akwai iyayenmu mata da ba su taɓa riƙe kara ba, shekaru suka yi suna shaƙar hayaƙin itace a madafa ko hayaƙin tabar miji. Ko mashayin ma, ranar da yake kwance haƙƙinsa a kanka dubiya ce, ba gori ba. Tsoron gorin nan yana cikin abin da yake sa wasu yin shiru.

Idan Baba ko Inna sun ce "bari, zai wuce," kai ka nemo kuɗin mota ka ce, "Baba, don Allah tashi mu je." Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti lafiya, Ya sa kaffara ne, Ya buɗa wa masu jinyarsu.