Inji ne ke tura mota ko ƙasa?

Jiya da dare ɗiyar yayata ta kawo mini takardar gwajin Fiziks ɗinta, ranta a ɓace. An tambaye su wane ƙarfi ne ke sa mota ta yi gaba. Ta zaɓi inji, malami ya soke, ya rubuta gogayya. Ta ce, "Kawu, ba gogayya ce aka koya mana tana hana tafiya ba?"

Na fara da abin da kowa ya sani a Sakkwato. Duk wanda motarsa ta taɓa kafewa cikin yashi a hanyoyin ƙauyukan Gwadabawa, ko cikin taɓo da damina, ya ga amsar da idonsa. Ka taka totur, inji na ruri, taya na juyawa tana watsa yashi baya, mota ko motsi. Lafiyar inji ƙalau. Abin da aka rasa shi ne riƙon da ƙasa ke yi wa taya, wato gogayya. Shi ya sa ake cusa itace ko duwatsu a ƙarƙashinta, wasu direbobi har su rage mata iska.

Dokar motsi ta uku ta masanin kimiyya Niyuton, wadda ya wallafa a 1687, ita ce ke aiki a nan: duk abin da ka tura, shi ma yana tura ka baya da ƙarfi irin naka. Inji yana juya taya, taya tana tura kwalta baya, kwalta kuma tana tura taya gaba da ƙarfi daidai wa daida. Inji a jikin motar yake, kuma ba abin da ke tura kansa daga ciki, kamar yadda ba za ka zauna a kujerar baya ka tura kujerar gaba mota ta tashi ba. Saboda haka malamin bai yi kuskure ba. Wannan riƙon ne ma ke tsayar da ɗan kabu-kabu idan ya taka birki.

Amma yarinyar ma tana da hujja, kuma nan ne raina ya sosu. Kwalta ba ta ba mota kuzari ko kaɗan. Kuzarin daga man da ke ƙonewa a inji yake fitowa. In ka kashe inji a hanya shimfiɗaɗɗiya, gogayya ba za ta kai ka ko bakin ƙofa ba. Tambayoyi biyu ne aka cura wuri guda: daga ina kuzari ke zuwa, da kuma wane ƙarfi ne daga waje ke ingiza motar. Da an ƙara "daga waje" a tambayar, da gardama ta ƙare.

Yaranmu da Turanci suke amsa waɗannan tambayoyi, harshen da ba shi suke yi a gida ba, kuma da yawansu WAEC da JAMB na gabansu. Malamai 'yan'uwana, don Allah ku riƙa ba wani abokin aiki ya karanta tambayoyinku kafin ku raba. Ku kuma daina cewa gogayya tana hana tafiya kawai, ku ce tana hana zamewa tsakanin abubuwa biyu da suka taɓa juna.

Na ce mata ta koma wurin malamin ranar Litinin cikin ladabi, ta ba shi misalin yashin nan, ta ji abin da zai ce.