A daina yi wa gulbi kwasar karan mahaukaciya

Jama'ar Kebbi, ina so mu yi maganar tifofin da ke shiga gulbi da rani suna kwasar yashi da tsakuwa. Ba cewa nake a hana ba. Kowa na son ɗakin bulo, kuma samarin nan da ke riƙe da shebur tun asuba halal suke nema. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ɗibar ba ta da ƙa'ida.

Ruwan damina ne ke gangaro mana da yashin nan, amma madatsar Bakolori da ta Goronyo suna tare yashi mai yawa kafin ya iso. Abin da ke zuwa ya ragu, abin da ake ɗiba sai ƙaruwa yake.

In aka zurfafa cikin gulbi, ruwan da ke ƙarƙashin fadama shi ma sai ya bi shi ƙasa. Mai noman shinkafar rani ne ke fara ji a jikinsa. Rijiyar da ta wadatar da shi bara, bana inji sai tari yake yana zuƙar iska, dole ya ƙara bututu, ya ƙara fetur. Gaɓar da aka yashe gindinta kuwa, za ka ga ta tsage, kwana kaɗan ta rufta da gefen gonar wani. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ramukan da ake bari. Ruwa na dawowa ya rufe su, yaro ya shiga wanka inda ya saba takawa, ƙafarsa ta rasa ƙasa. Allah ya kiyaye.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta sa harkar a hannun gwamnatin tarayya, amma Abuja ba ta san lungun da kifi ke zuba ƙwai ba. Sarkin ruwa ya sani. A Argungu ana hana kamun kifi a gulbin Matan Fada har sai lokacin biki, kuma ana bin umarnin. Me zai hana a yi wa yashi haka? A ware wuraren ɗiba nesa da gada da gonaki, a kwashi na saman tudun yashi kawai, a iyakance zurfi, wurin da aka ɗiba bana a bar shi ya huta baɗi.

Kuɗin da ake karɓa a kan kowace tifa kuma, a fito a faɗa wa mutanen ƙauyen nawa ne, a gyara musu hanyar da tifofin suka farfasa da shi.