Ganin Dolfin a Gindin Gada Ba Shaidar Lafiyarsa Ba Ne

Duk lokacin da aka yaɗa hoton dolfin yana iyo a gindin wata babbar gadar teku, sai jama'a su ɗauka cewa ginin bai cutar da komai ba. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba. Idan ruwa ya daki ginshiƙan gada yakan yi juyi, ƙananan kifaye su taru a wurin, dolfin kuma ya biyo abincinsa ko da wurin ya takura masa.

Dolfin dabba ce mai shayarwa, kuma a cikin gurɓataccen ruwan bakin teku da kunne yake rayuwa: yana fitar da ƙara, ya saurari yadda ta dawo masa, da haka yake gane inda kifi yake, da sauti kuma uwa take kiran ɗanta. Saboda haka buga turakun ƙarfe a ƙasan teku, da yasar laka, da rurin injunan jiragen ruwa suna toshe masa hanyar neman abinci.

A dubi gadar da ta haɗa Hong Kong da Zhuhai da Makau a ƙasar Sin, mai tsawon kilomita 55, wadda aka fara a 2009 aka buɗe a watan Oktoba na 2018. Ta ratsa mashigar Kogin Pearl, mazaunin farin dolfin, wanda ake haifa da duhun fata, ya koma ruwan hoda idan ya girma. Ƙididdigar hukumomin Hong Kong ta nuna fararen dolfin sun haura 150 a ruwansu a 2003, amma a 2017 ba su kai 50 ba, kuma arewacin tsibirin Lantau, inda aikin ya fi zafi, ya kusan zama kufai. Gaskiya ne ba gadar kaɗai ke da laifi ba, akwai cike teku domin filin jirgin sama, da ƙazantar ruwa, da jiragen ruwa na fasinja masu gudu. Da annobar korona ta tsayar da waɗannan jirage a 2020, masu bincike sun ga dolfin sun dawo hanyar da suka ƙaurace wa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun diyya. An ware wurin kariya a kewayen tsibiran Brothers da ke arewacin Lantau a 2016, wato shekara bakwai da fara aikin, lokacin da galibin dabbobin sun riga sun bar yankin. Wannan ihu ne bayan hari, musamman ga dabbar da ke haihuwar ɗa guda, sannan ta yi shekaru kafin ta sake.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Maraɗi da teku. Kayan da ke cika kasuwarmu ta tashoshin gaɓar Afirka ta Yamma suke shigowa, a wannan gaɓa kuma ɗan'uwan wancan dolfin yake, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya a 2017 cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa, ana kuma ƙiyasin ba su kai 3,000 ba. Mu da muka ga yadda madatsar Jibiya ta sauya tafiyar Gulbin Maraɗi mun san gini a kan ruwa yana taɓa na nesa. Ga Yamai da gadoji uku a kan Kogin Isa, ga aikin madatsar Kandaji, a kogin da ayu da dorina suke.

Ba na adawa da gada, domin ƙasa ba ta ci gaba sai da hanya. Ra'ayina shi ne a ƙirga dabbobin, a san wurin kiwonsu da lokacin haihuwarsu, a ware musu wurin kariya tun kafin a kafa turke na farko. A lokacin aiki a kewaye turakun da labulen kumfar iska mai rage ƙara, dabarar da aka gwada a Hong Kong ɗin kanta, bayan an buɗe gadar kuma a ƙayyade gudun jiragen da ke bi ta ƙarƙashinta.