Tsohuwar kuka, tsohon kunkuru, ina na bayansu?

Marubucin wani rahoto ya ce wai bishiyar kuka da ƙaton kunkurun tsibiran Galapagos ba abin tayar da hankali ba ne, tunda duk suna da tsawon rai. To, nan fa ya zame. Tsawon ran ne ma ke rufe mana ido, ka ga tsoho a tsaye ka ɗauka zuri'a na nan, alhali babu na baya. A tsibirin Pinzón na Galapagos ɓeraye sun shafe sama da shekara 100 suna cinye ƙwai da 'ya'yan kunkuru, manyan na ta kiwonsu kamar lafiya lau. Sai da aka kashe ɓerayen a 2012 sannan aka fara ganin ƙanana suna rayuwa a daji. Na tsibirin Pinta bai yi wannan sa'ar ba, Lonesome George, kunkuru na ƙarshe a zuri'arsa, ya mutu a wannan shekarar babu magaji. Kuka ma ba ta tsira ba: binciken 2018 ya nuna 9 cikin 13 mafi tsufa a Afirka sun mutu ko sun fara rubzawa cikin shekara 12, har da Panke ta Zimbabuwe mai shekara kusan 2,450. Mai cewa ai kuka na tsirowa da kanta, gaskiya ne, amma awaki suna barin ta ta kai ƙugu? Me ya sa rahoton ya ƙirga tsofaffi kawai bai ƙirga 'ya'ya ba?